Sai An Zauna Ake Gani

A ƙasar Azande, can kudu maso yammacin ƙasar da a yau ake kira Sudan ta Kudu, bisa dirkoki ake kafa rumbu, a bar sarari a ƙarƙashinsa. In rana ta take, nan mutane ke fakewa, masu hira na hira, mai saƙa na saƙarsa. Gara kuwa tana ƙasa tana cin dirkokin ba dare ba rana. Wata rana sai rumbun ya rufto kan na ƙarƙashinsa, wani ya karye, wani ma ya rasa ransa. In ka tambayi mutanen gidan abin da ya jawo, amsa ɗaya za ka ji: maita.

Baƙon da ya kwana biyu ya wuce, an san abin da zai rubuta: mutanen nan ba su san gara na cin itace ba. Turawa da dama sun rubuta irin wannan a kan al'ummu da dama. Amma wani matashi ɗan Ingila, Edward Evans-Pritchard, wanda ya sauka ƙasar a 1926 ya yi ta komawa har 1930, zamansa duka kusan wata 20, ya fito da wani labari daban. Babu ɗan Azanden da bai san aikin gara ba. Kowa ya san abin da ya kayar da rumbu, kowa ya san abin da ya kai mutane inuwarsa. Tambayarsu ita ce, me ya haɗa biyun? Don me ya faɗi daidai sa'ar da wane ke zaune, bai faɗi da tsakar dare ba lokacin da ba kowa? Wannan gurbin ne maita ke cikewa a tunaninsu. Su da kansu da farauta suke misalta abin: wanda ya fara sukar nama da wanda ya bi da mashi na biyu, dukansu ne suka kashe shi. In giwa ta kashe mutum, giwa ce mashin farko, maita ce na biyu.

Ba ko'ina kuma ake karɓar wannan hujja ba. Ɗan koyon da tukunyarsa ta fashe a wuta, in ya ce maye ne, dariya za a yi masa a ce bai tsince tsakuwa daga yumɓu ba. Wanda aka kama da ƙarya, ko da matar wani, ba shi da damar laɓewa bayan maita. Sai gwanin da ya bi kowace ƙa'ida, tukunya ta fashe masa duk da haka, shi ne ake tausaya wa, a shiga neman wanda ya sa masa hannu.

Ba sai ka yarda da Azande ba kafin ka ga cewa bayanin farko ƙazafi ne, na biyu kuwa adalci. Abin da ya raba su hanyar aiki ce. Masana al'adun ɗan Adam suna da wata dabara da suke ɗauka a matsayin ginshiƙin sana'arsu: mai bincike ya tattara ya tare cikin mutanen da yake son fahimta, ya koyi harshensu, ya ci abin da suke ci, ya halarci sunansu da bikinsu da makokinsu, ya shiga duk abin da aka yarje masa ya shiga, idonsa a buɗe, sa'an nan ya rubuta. Mu kira ta zama da lura. A fagen nazarin addini ne ta fi wuya, nan ne kuma gwanintarta ta fi bayyana, domin babu abin da mutum ke karewa daga baƙo kamar abin da yake bauta wa da abin da yake tsoro.

Daga kujera zuwa tanti

Kafin a kai nan, daga ɗakin karatu ake nazarin addinan duniya. James Frazer, wanda babban littafinsa kan tsafi da addini ya fara fita a 1890, wasiƙu da jerin tambayoyi yake aika wa 'yan mishan da jami'an mulkin mallaka, su tambayi mutane ta bakin tafinta su aiko masa. Sai ya ɗauko al'ada daga wannan nahiya ya jera ta da wata daga waccan, ba tare da ya ga ɗaya da idonsa ba.

Wanda ya mayar da zama cikin jama'a ƙa'idar sana'a shi ne Bronislaw Malinowski, ɗan asalin Folan. Tsakanin 1915 da 1918 ya yi dogon zama sau biyu a tsibiran Trobriand, gabas da Niyu Gini. Ya kafa tantinsa a tsakiyar ƙauyen Omarakana, ya rabu da tafinta, ya koyi harshen mutanen. A gabatarwar littafinsa na 1922 ya shimfiɗa sharuɗɗan aikin, waɗanda har yau ake koya wa ɗalibai. Ga misalin abin da zaman ya nuna masa. In mutanen tsibirin za su kamun kifi a kwantaccen ruwan da ke kusa da gaɓa, inda ba haɗari kuma samu tabbas ne, ba sa yin wani tsafi. In za su shiga tsakiyar teku, inda iska ke kifar da jirgi kuma ana iya dawowa hannu rabbana, sai ka ga surkulle iri-iri. Ba wanda ya faɗa masa wannan, don su kansu ba su jera abin haka a ransu ba. Sai wanda ya bi masunta wurare biyun ne zai ga bambancin.

Kaji da garin dafi

Darasi na farko a sana'ar shi ne ka ajiye tambayoyin da ka zo da su, ka bi waɗanda mutanen ke yi. Evans-Pritchard, wanda ya yi karatu a gaban Malinowski a Landan, ya faɗa daga baya cewa bai je ƙasar Azande da sha'awar maita ba; mutanen ne ba su da zancen da ya wuce ta, dole ya bi su. Da ya koma wurin makiyayan Nuer daga 1930, sai ya tarar duk hira kan shanu take ƙarewa, shi ma ya zama mai zancen shanu.

Bin Azande kuwa yana nufin sayen kaji. Suna da hanyoyin duba guda uku da suka fi dogara da su. Akwai wani ɗan allo da ake gogawa, mai arha da sauri, amma ba a cika amincewa da shi ba. Akwai duban gara, inda ake soka reshen itace iri biyu a suri a dawo washegari a ga wanda ta ci. Babbansu shi ne benge, wani jan garin dafi da ake samu daga wata kurangar daji, ana tafiya mai nisa har dazukan Kwango a ɗebo shi. Da sassafe ake fita bayan gari. Wanda zai taɓa garin sai ya ƙaurace wa mace da wasu abinci na 'yan kwanaki. A dama garin da ruwa, a ɗura wa ɗan tsako, mai tambaya ya yi ta yi wa dafin bayani dalla-dalla, ya roƙe shi in abu kaza gaskiya ne ya kashe tsakon, in ba haka ba ne ya bar shi. Wani tsako ya mutu, wani ya miƙe ya ci gaba da kiwonsa. Ba a gama ba sai an maimaita da tsako na biyu, a juya sharaɗin: in amsar farko daidai ce, wannan ya rayu in na farko ya mutu, ko ya mutu in na farko ya rayu.

Mai bincike na iya tsayawa gefe ya kalli wannan sau ɗaya ya rubuta. Evans-Pritchard sai ya ajiye nasa garin a gida, ya riƙa tafiyar da harkokin gidansa bisa hukuncin benge kamar maƙwabtansa, ya ma ce bai ga tsarin ya gaza sauran hanyoyin tafiyar da gida da ya sani ba. Ya yi haka ne don mutane su ɗauke shi mai hankali, domin a wurinsu wanda zai yi tafiya bai duba ba, wawa ne. Amma ribar ta wuce haka. Da yake kajinsa ake kashewa, ya san tsadar abin, ya gane cewa magidanta masu hali ne ke da ikon duba, samari da matalauta sai sun bi ta hannunsu, mata kuwa ba sa ko zuwa wurin. Ya gane iya jera tambaya fasaha ce da ake yabon dattawa da ita. Ya lura da sunayen da majinyaci ke kawowa gaban benge: kullum na maƙwabtan da ke da 'yar tsama da shi ne, kuma talaka ba ya kawo sunan ɗan gidan sarauta. Ya ga yadda ake bayani in duba ya ƙaryata kansa: an karya sharaɗi, ko garin ya tsufa, ko wani ya yi masa asiri. Kowace gazawa tana da amsarta a cikin tsarin, shi ya sa ba ta rushe shi.

Ya kuma ga ƙarshen lamarin, wanda shi ne mai wucewa ba ya gani. In benge ya kama sunan mutum, sai a cire fiffiken tsakon, a tura ɗan aike ya ajiye gabansa cikin ladabi. Wanda ake zargi ya guntsi ruwa ya fesa a kan fiffiken, ya ce in akwai maita a cikinsa bai sani ba, kuma yana fatan ta huce, majinyaci ya samu sauƙi. Shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Abin da daga nesa ake gani kamar hanyar hura gaba, daga kusa ya zama hanyar fito da ƙullin zuciya fili a warware shi ba a zub da jini ba. Littafin da ya tattara wannan ya fita a 1937, har yau kuma ana karanta shi a sassan falsafa, ba na al'adu kaɗai ba.

Wurin da aka ajiye ka

Darasi na biyu ya fi ɗaci: ba kai ke zaɓar matsayinka ba. Mai bincike kamar amarya yake a gidan yawa. Kafin ta san kowa, kowa ya riga ya yanke mata hukunci. Abin da za a gaya mata da abin da za a ɓoye mata ya danganta ga ɗakin da aka ga tana yawan shiga. Azande sun ɗauki Evans-Pritchard babban mutum, suka ajiye shi gefe cikin girmamawa. Nuer suka ɗauke shi daidai da kowa, suka cika masa tanti dare da rana suna neman taba, in ya tambayi sunan zuriyar mutum a yi ta yi masa kwana-kwana. Suna da dalili: gwamnatin da ta kawo shi ba ta daɗe da kai musu hari ba, wata safiya ma yana nan dakarunta suka kewaye sansanin suna neman shugabannin addininsu.

Ba wanda ya nuna wannan darasi kamar Jeanne Favret-Saada, haifaffiyar Tunisiya, wadda a 1969 ta tafi karkarar Mayenne a yammacin Faransa don nazarin sammu tsakanin manoma. Da farko duk wanda ta tambaya sai ya ce ai wannan zancen mutanen da ne, ko na ƙauyen gaba. Bakuna ba su buɗe ba sai da wasu suka fara zaton ita ma an yi mata, wasu kuma suka ɗauka mai karya sammu ce. Ta gane cewa a wurin manoman, magana kan sammu ita kanta makami ce, ba a yinta da ɗan kallo. Ta karɓi matsayin da aka ba ta, ta daɗe tana zama wurin wata mai duba da kati tana ganin yadda take ɗaga iyalan da asara ta durƙusar. Littafinta na 1977 ya koya wa masana cewa akwai fagen da in ka ce kai ba ruwanka, ba abin da za ka ji.

Jinsi ma ƙofa ce, wata a buɗe wata a rufe. Lokacin da M. G. Smith ke bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, iyakarsa zaure. Matarsa Mary ce ta shiga cikin gida, ta saba da wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa: aure da kishi, ƙawance, bauta, da yadda mata ke hulɗa da bori a gefen Musuluncinsu. Littafin ya fita a 1954. Da mijin kaɗai ya je, da rabin gari ya gani.

Abin da jiki ke koya

Darasi na uku shi ne addini ba a baki kaɗai yake ba. Yana cikin tashin asuba, da yunwar azumi, da daɗewar tsayuwa, da sautin da ke fita daga ƙirji ɗari a lokaci guda. Saba Mahmood, haifaffiyar Fakistan, ta yi shekarun 1995 zuwa 1997 tana halartar darussan da mata ke koyar da 'yan'uwansu mata a masallatan Alƙahira, na unguwannin masu kuɗi da na talakawa. Ta je da tunanin da ya yi yawa a jami'o'in Yamma, cewa ibadar zahiri alama ce kawai ta abin da ke zuciya, ko kuma biyayya ce ga maza. Zama ya nuna mata matan suna kallon abin ta wata fuska. A wurinsu, maimaita aikin zahiri shi ke gina zuciyar: ka yi ta tilasta wa kanka tashin asuba har son sallar ya tsiro, ka yi ta aikata kunya har ta zama hali. Musulmin da ya tashi a makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba, amma kafin a shigar da wannan fahimta cikin muhawarar masana sai da wata ta zauna a sahun mata shekara biyu tana sauraro. Littafinta na 2005 ya sauya yadda ake rubutu kan mata da addini.

Darasi na huɗu da dare ake yinsa, bayan kowa ya kwanta. Duk abin da ba a rubuta a ranar ba, gobe ƙwaƙwalwa za ta gyara shi ta ƙawata. Gwani yana raba abu uku a littafinsa: abin da ya gani, abin da aka gaya masa da wanda ya gaya masa, da abin da shi yake zato. Yana rubuta wanda ya zauna gaba da wanda ya zauna baya, wanda ya makara, wanda ya yi gyangyaɗi, abin da aka kashe, gardamar da aka yi a hanyar komawa gida. Dubi yadda Evans-Pritchard ya ba da labarin wani dare da yake zagayawa a lambunsa, ya hangi wani haske mai ƙarfi ya wuce bayan ɗakunan barorinsa ya nufi gidan wani maƙwabci. Da safe aka gaya masa ai maita ya gani tana tafiya, jim kaɗan kuma labari ya zo cewa wani tsoho a gidan ya rasu. Ya rubuta abin da ya gani, ya rubuta fassarar mutane, ya ƙara da nasa zaton cewa wataƙila wani ne ya kunna ciyawa zai zaga bayan gida, ya ce bai gano asalin hasken ba. Bai yi wa kowa dariya ba, bai kuma yi da'awar ya ga gaibu ba. Wannan riƙon kai shi ne tsakiyar sana'ar.

Amana da iyaka

Yabon gwaninta ba ya hana faɗin inda ta yi tuntuɓe. Da bokayen Azande suka ƙi buɗe masa sirrinsu, Evans-Pritchard ya biya aka ɗauki baransa Kamanga almajirin wani boka mai suna Badobo, yaron yana dawowa yana kwashe masa duk abin da ya koya. Da wani boka baƙo ya zo, sai ya zuga kishi tsakaninsu, kowa na tona ilminsa don ya nuna ya fi. Har ya kai ga zare ɗan gawayin da ɗayansu ya ɓoye cikin magani, wanda da za a nuna a ce shi aka ciro daga jikin majinyaci. Ya sami ilmi, ya kuma gano cewa Azande da kansu sun san bokaye da yawa 'yan damfara ne, ko da yake sun yarda akwai na gaskiya. Amma ya iya yin haka ne don shi Bature ne a ƙasar da Turawa suka ci da yaƙi, suka kashe sarkinta Gbudwe a 1905. Malinowski ma, da aka buga littafin sirrinsa a 1967 bayan mutuwarsa, sai ga shi cike da ƙosawa da munanan kalamai kan mutanen da ya yi suna da su. Daga irin wannan ne sana'ar ta koyi ƙa'idojinta na yau: ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, ka nemi izini, ka sauya sunan wanda rubutunka zai iya cutarwa, abin da aka ba ka amana kuma ka bar shi a cikinka ko da shi ne zai fi ƙawata littafin.

Sai tambayar da mai imani zai yi: in zauna cikin ibadar da ban yarda da ita ba, ban saɓa ba? Shiga tana da matakai, kuma mai bincike na da ikon ja wa kansa layi. Yana iya ɗaukar tabarma, ya taya girki, ya zauna daga farko har ƙarshe, ya kuma ce wannan yankan ba zan ci ba, wannan sujadar ba zan yi ba. Masu ibada sun fi girmama wanda ya faɗi iyakarsa a kan wanda ya yi musu riya. Musulmi ma suna da magabaci a nan. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi harshen Sanskrit, ya zauna da malaman Hindu, ya kammala littafinsa kan Indiya wajen 1030. Tun a farkonsa ya bayyana cewa ba littafin raddi yake rubutawa ba, zai kawo maganar mutanen ne yadda suke faɗinta. Bai bar addininsa ba, bai kuma yi musu ƙarya ba. Evans-Pritchard kansa ya shiga ɗariƙar Katolika a 1944, kuma a littafinsa na 1956 kan addinin Nuer ya tsaya a wani wuri ya ce abin da ke cikin zuciyar mai addu'a ya wuce inda masanin al'adu ke iya kaiwa.

A ƙasarmu

An yi wannan aiki a kanmu tun da daɗewa. Joseph Greenberg, wanda daga baya ya shahara da rarraba harsunan Afirka gida-gida, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya nuna yadda Musulunci ya ratsa har cikin duniyar iskokinsu, aka sami farfaru na gari da babbaƙu na daji. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Badun a 1962 da 1963 tsakanin fataken shanu da na goro. Ya ga cinikin ya dogara ne kan bashi da amana tsakanin fatake da masu masauki da dillalai, ya kuma bi diddigin yadda a farkon shekarun 1950 mafi yawan mutanen Sabo suka shiga Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu. A ganinsa, haɗuwar wazifa kullum da biyayya ga muƙaddamai sun riƙe kan unguwar a lokacin da siyasar jam'iyyu ke neman wargaza ta. Ɗan ɗariƙa zai ce shi neman Allah ya kai shi, ba tsaron kasuwa ba, kuma yana da gaskiyarsa. Amma gardamar tana yiwuwa ne saboda Cohen ya ajiye bayanin da za a iya kama shi da shi. A ƙarshen shekarun 1980 kuma Adeline Masquelier ta zauna a Dogon Dutsi a Nijar, ta rubuta yadda 'yan bori ke neman wurin tsayawa a garin da masallatai ke ƙaruwa.

Sunayen nan duk na baƙi ne, kuma lokaci ya yi da 'yan gida za su fi yawa a fagen. Sai dai ɗan gida na da tasa wahalar: abin da ka saba da shi ba ka ganinsa. Abdellah Hammoudi, ɗan Maroko da ya koyar a jami'ar Princeton ta Amurka, ya yi aikin Hajji a 1999 yana alhaji yana kuma mai bincike, ya rubuta komai tun daga layin rajista a ƙasarsu har cinikin kasuwannin Madina da abin da ya ji a ransa gaban Ka'aba. Ya nuna ana iya kallon naka da idon baƙo ba tare da ka fita daga sahu ba.

Ɗalibanmu da yawa, in aka ba su bincike kan addini, takardar tambayoyi suke bugawa su raba a ƙofar masallaci ko coci, su tattara, su fitar da kashi cikin ɗari. Takarda tana kawo abin da mutum ke so a ce ya faɗa. Ba za ta gaya maka wanda ke zuwa wurin mai ruƙiyya da rana ya bi ta wurin boka da dare ba, ko dalilin da ya sa matar da ke cocin gargajiya da safe take zuwa na masu tafi da yamma, ko yadda gida ɗaya ke ɗauke da ɗan Izala da ɗan ɗariƙa suna cin tuwo a kwano guda. A ƙasar da jahiltar ibadar maƙwabci ta sha cin rayuka, wannan ilmi ba na ado ba ne. Yana bukatar shekara guda aƙalla, don a ga azumi da salla da damina da rani. Yana bukatar harshe, da haƙurin zama inda ba abin da ke faruwa, da malamin da zai yarda ɗalibinsa ya dawo da tambayar da ba da ita ya tafi ba. Ma'aunin aikin kuma a fili yake: ka koma ka karanta wa mutanen abin da ka rubuta. Suna iya ƙin fassararka, wannan haƙƙinsu ne. Amma in suka ce ba haka suke yi ba, ba haka suke faɗa ba, to zamanka bai isa ba, sai ka koma.